Kifin Damina Ɗaya: Daga Salaga zuwa Paga

A arewacin Ghana akwai wani ɗan kifi da tsawonsa bai kai ƙaramin yatsa ba, wanda duk rayuwarsa, daga ƙyanƙyasa zuwa mutuwa, ba ta wuce damina ɗaya. Mazauninsa kududdufi ne na gefen gona ko gefen titi, irin wanda ke cika a watan Yuni ya ƙafe kafin Disamba. Masana kifi suna sa shi cikin dangin da suke kira kilifish, sunansa kuma a littattafansu Fundulosoma thierryi. Masunta ba su kula shi, don ko an cika ƙwarya da shi ba ya yin miya. Amma idan kududdufin ya bushe, iyaye duka suka mutu, jinsin yakan shafe wata shida ko bakwai babu ko kifi ɗaya mai iyo a cikinsa, sai ƙwai a binne cikin laka. Wannan ne ya sa ya cancanci a yi tafiya dominsa.

Namijin yakan kai santimita 3 ko ɗan fiye. Jikinsa shuɗi ne mai sheƙi, da ɗigo-ɗigon ja a gefuna da kan fikafikai. Macen ta fi shi ƙanƙanta, launinta toka-toka ne mai kama da ruwan da take ciki. Bakinsu duka yana ɗan kallon sama, abin da ya dace da mai cin ƙananan halittun da ke yawo kusa da saman ruwa: tsutsar sauro, ƙananan ƙwarin ruwa masu ɓawo, da duk ƙwaron da ya faɗo. Ana samun jinsin a yankin dajin savana na Ghana, Togo, Burkina Faso, Mali da Nijar. Hanyar da ta tashi daga Salaga ta bi ta Yendi da Bawku ta ƙare a Paga tana ratsa irin ƙasar da yake so daga farko har ƙarshe, kuma tana nuna dalilin da ya sa rayuwarsa ta ɗauki wannan siffa.

Mai zuwa Salaga daga kudu yakan tsallaka Tafkin Volta da jirgin fito daga Yeji zuwa Makango. Tafkin ya samu ne bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 8,500, kuma a nan ne kifin kasuwa yake: giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, ƙurungu. Daga Makango ƙasa takan shimfiɗe, ciyawa da kaɗanya da ɗorawa iya ganin ido. Salaga gari ne da Bahaushe ba baƙo ba ne a cikinsa. A ƙarni na 19 nan ne fataken Gonja daga Kano da Katsina da Sakkwato suke sauke kanwa da tufafi da fatu su ɗauki goron Asante, nan kuma aka yi babbar kasuwar bayi, wadda har yau ake nuna wa baƙi wurin da ake kira Wankan Bayi a matsayin shaidarta. Kasuwar ta fara ja da baya bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya watsa mazauna zango, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934.

Abin da ya shafi kifi a tarihin Salaga shi ne rijiyoyinta. Garin cike yake da tsofaffin rijiyoyi da aka fafe cikin marmara, masu yawan gaske, saboda ruwa shi ne matsalar wurin tun asali. Ruwan sama na shekara yana kaiwa milimita 1,000 ko fiye, amma kusan duka yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Ƙarƙashin ƙasar noma akwai marmara da dutse mai laɓa-laɓa da ba sa barin ruwa ya nutse, don haka da damina fili yakan zama fadama, da rani kuma ya zama fako. Ƙasar da ke wahalar da mutum ta wannan fuska ita ce take samar da dubban ƙananan tafkuna na ɗan lokaci.

Ba kowane kududdufi ne ke da kifin ba. Wanda gindinsa yashi ne yakan bushe har can ƙasa, ƙwai ya mutu. Wanda kogi ke shiga cikinsa kowace shekara kuma yakan cika da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, su cinye ƙaramin kifin ko su ƙwace masa abinci. Wanda ya dace shi ne mai baƙar laka, irin wadda ke kumbura idan ta jiƙe, ta tsattsage idan ta bushe, ta bar ɓawo mai tauri a sama da ɗan danshi a ƙarƙashi. A kan hanyar Salaga zuwa Bimbilla, da daga Bimbilla zuwa Yendi, ana ganin irin waɗannan wurare a ƙasan gangare, inda ciyawa ta fi tsawo, ruwan kuma ya yi fari-fari da laka har ba a ganin abin da ke ƙarƙashin taki ɗaya.

A cikin wannan ruwa ne ake haihuwa. Namiji yakan tsare ɗan wuri kusa da gindi, ya buɗe fikafikansa ga duk namijin da ya matso. Idan mace mai ƙwai ta zo, sai ya manna jikinsa da nata, ya rungume ta da fiffiken baya, su danna cikin laka tare, ta saki ƙwai ɗaya ya barbare shi nan take. Sai su matsa gaba kaɗan su sake. Girman ƙwan wajen milimita ɗaya ne, ɓawonsa mai kauri. Mace takan yi ta yin haka kusan kullum tun daga balagarta har mutuwarta, don duk abin da ta ci ƙwai yake komawa. Daga nan babu reno ko kaɗan. Wasu kifaye ba haka suke ba. Macen karfasa takan riƙe ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci duk tsawon lokacin. Namijin gaiwa yakan tsare ramin ƙwai. A gaɓar teku, tsakanin duwatsun Elmina da Cape Coast, akwai wasu ƙananan kifaye marasa ɓawo na dangin Blenniidae da namijinsu ke zama a kan ƙwai cikin tsagar dutse yana yi musu fifita da fikafikai har su fito. Kifin kududdufi ba shi da wannan dama, domin ba zai rayu ya ga 'ya'yansa ba. Duk kariyar da zai ba su tana cikin ginin ƙwan kansa.

Yendi, fadar Ya-Na, sarkin Dagomba, wuri ne da ya dace a fahimci ranin da ƙwan yake fuskanta. Garin yana dogara da ƙaramin kogin Daka, wanda ruwansa ke raguwa ƙwarai da rani, kuma ƙarancin ruwan sha tsohon kuka ne a wurin. Daga Disamba hunturu yakan busar da komai, a ƙone daji, sannan a Maris da Afrilu zafi ya kai digiri 40. Kududdufin da ya cika da kifi a Agusta yakan zama hanyar shanu. A ƙarƙashin kofatonsu, ɗan tayin da ke cikin ƙwai yana raye.

Yadda yake yi kuwa shi ne ta dakatar da girma. Wani masani ɗan Amurka, John Wourms, ya bayyana a 1972 cewa ɗan tayin irin waɗannan kifaye yana da matakai uku da zai iya tsayawa a kansu. Tsayawar farko tana zuwa ne tun kafin jiki ya fara siffa, lokacin da ƙwayoyin halitta suke warwatse a kan gwaiduwa. Ƙarancin iskar shaƙa ke jawo ta, kuma lakar gindin kududdufi mai cike da ruwa kusan babu iska a cikinta. Saboda haka ƙwan da aka yi a tsakiyar damina ba ya gaggawa. Sai ruwa ya janye, laka ta tsage, iska ta shiga, sannan girma ya ci gaba. Wato bushewar da ke kashe iyaye ita ce take tayar da 'ya'ya.

Tsayawa ta biyu ita ce mafi tsawo kuma mafi ƙarfi. A lokacin ɗan tayin ya yi siririn jiki, an fara gane kai da gadon baya, zuciya ta soma ginuwa. A nan yakan rage aikin jikinsa ƙwarai, rabuwar ƙwayoyin halitta ta tsaya, buƙatar iska ta ragu matuƙa, ɓawon ƙwai kuma ya hana ruwan ciki fita. A haka yake shafe mafi yawan rani. Tsayawa ta uku tana zuwa bayan kifin ya gama haɗuwa, idanunsa har ana ganinsu ta cikin ɓawo, yana naɗe yana jiran ruwa. Idan ruwan sama ya cika kududdufin, cikin sa'o'i kaɗan yakan fasa ya fito, ya fara farauta kusan nan da nan, don guzurin gwaiduwar da ya rage masa kaɗan ne.

Abin da ya fi burgewa a wannan tsari shi ne ƙwan uwa ɗaya ba ya tafiya tare. Wasu kan tsallake tsayawa ta biyu su gama girma da wuri, wasu su daɗe a ciki, wasu kuma ko ruwa ya zo ba sa fitowa sai a cika ta gaba. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san damunar wannan yanki. Ruwan Afrilu ko farkon Mayu kan sauka da ƙarfi, ya cika kududdufi, sannan a yi mako uku ba ɗigo. Da duk ƙwan ya ƙyanƙyashe a ruwan farko, da jinsin ya ƙare a wannan wuri. Dabarar ta yi kama da ta manomin gero da ba ya zuba irinsa duka a shukar farko, yakan ajiye na dashe da na sake shuka. Bayyanar kifi a wurin da jiya busasshiyar ƙasa ce ita ta sa a wurare da yawa ake cewa ruwan sama ne ke sauko da shi.

Arewa maso gabas da Yendi, a cikin Togo, akwai Sansanne Mango a bakin kogin Oti, tsohon zangon fatake a kan hanyar Gonja. Daga wannan yanki ne aka kai samfurin farko na kifin zuwa gidan adana kayan halitta na Berlin a zamanin mulkin Jamus, wanda ya haɗa har da Yendi bayan yaƙin Adibo na 1896. Ernst Ahl ya bayyana jinsin a 1924, ya sa masa sunan Gaston Thierry, hafsan Jamus da ya riƙe tashar Mango. Bayan shekara huɗu, a 1928, Ahl ɗin ya bayyana wani ɗan'uwansa daga ƙasar Hausa, wanda aka kamo a kogin Kiyawa kusa da Katagum, kuma ake kira Pronothobranchius kiyawensis. Shi ma kifin damina ɗaya ne, ya ɗan fi na Mango girma, kuma danginsa na kusa sun bazu daga Gambiya zuwa tafkin Chadi. Yaron da ya taɓa kama wani ɗan kifi mai launi a kududdufin bayan gari a Jigawa ko Bauchi yana iya kasancewa ya riƙe shi a hannu.

Daga Yendi hanya takan bi ta Gushegu zuwa Nakpanduri, inda ƙasa ke yankewa a gangaren Gambaga, mota ta sauka a hankali zuwa kwarin Farin Volta. Daga nan yanayin ƙasa ya canza: duwatsu, kukoki, gidajen ƙasa a warwatse kowanne da gonarsa kewaye da shi, mutane kuma sun fi yawa. Bawku kasuwa ce ta kan iyaka tsakanin Ghana da Burkina Faso da Togo, Hausa na cikin harsunan cinikinta, kuma rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa matafiyi yakan tambayi halin da ake ciki da dokar hana fita kafin ya shiga.

Yamma da garin ana tsallaka Farin Volta. A Agusta da Satumba, idan madatsar Bagre ta Burkina Faso ta cika aka buɗe ƙofofinta, kogin yakan malala ya cinye gonakin masara da ke gefensa. Irin wannan ambaliya tana da fuska biyu ga ƙaramin kifin. Tana shigo da manyan kifaye cikin kududdufai, amma ita ce kuma take haɗa wuraren da ba sa haɗuwa, kifi ya samu sabon mazauni. Masana suna ganin laka mai ɗauke da ƙwai tana iya bin kofaton shanu ko ƙafar giwa, kuma giwaye har yanzu suna bin kwarin Jan Volta tsakanin ƙasashen biyu. Wani bincike da aka buga a 2019 daga Brazil ya nuna ƙwan kilifish na can yana iya ratsa cikin tsuntsun ruwa ya fita da rai.

A waɗannan fadamu ne gaiwa take, kuma ita ce kifin da ya fi dacewa a gwada shi da na kududdufi, don matsalarsu ɗaya ce, mafitarsu daban. Gaiwa tana da huhu. Idan ruwa ya fara janyewa sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe, ta rufe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama kube, ta bar ƙaramar ƙofa a baki don numfashi. Tana rayuwa da naman jikinta har ruwa ya dawo, kamar yadda Hausawa suka daɗe suna faɗa cewa gaiwa jikinta take ci. Ita babba ce ke tsallake rani, ta yi shekaru tana maimaitawa. Tarwaɗa kuma tana da gaɓar shaƙar iska a cikin kai, takan iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta nemi wani ruwa. Kifin kududdufi ba shi da huhu, ba shi da ƙarfin tafiya, sai ya zuba duk rayuwarsa cikin makonni kaɗan. Yakan balaga cikin 'yan makonni bayan ƙyanƙyasa, zalɓe da tsutsar mazari da manyan ƙwarin ruwa suna rage shi kullum, namiji mai launi ya fi saurin shiga baki.

Wannan saurin rayuwa ya jawo hankalin likitoci. Wani ɗan'uwansa na kudancin Afirka, Nothobranchius furzeri, daga Zimbabuwe da Mozambik, an same shi yana balaga cikin kwana 14 a daji, kuma ko a cikin kwalba da abinci a wadace ba ya wuce 'yan watanni, yana nuna alamun tsufa irin na sauran dabbobi masu ƙashin baya. An buga cikakken tsarin gadonsa a 2015, ana kuma kiwonsa a ɗakunan bincike a Jena ta Jamus da Stanford ta Amurka don nazarin tsufa. Masu kiwon kifin ado a Turai da Asiya kuma suna ajiye ƙwan irin waɗannan kifaye cikin ƙasa mai danshi na watanni, su aika wa juna a ambulan, wanda ya karɓa ya zuba ruwa ya sami kifi.

Daga Zebilla zuwa Bolgatanga, sannan Navrongo, matafiyi yakan ga yadda mutum ya sauya ruwan yankin. Akwai madatsar Vea kusa da Bolgatanga da ta Tono kusa da Navrongo, inda ake noman shinkafa da tumatir da rani, ga ƙananan madatsu na ƙauyuka da aka fara ginawa tun kafin samun 'yancin kai, aka kuma ƙara wasu ƙarƙashin shirin madatsa ɗaya ga kowane ƙauye daga 2017. Buƙatar mutane da dabbobi ga ruwan rani ba abin musu ba ce. Sai dai wurin da ake zaɓa a haƙa shi ne ƙasan gangare mai baƙar laka, wato daidai inda ƙwan yake. Motar haƙa takan kwashe lakar sama ta tara ta a matsayin ganuwa, ramin ya riƙe ruwa shekara duka, a zuba karfasa. Haka ma fadamar da aka mayar gonar shinkafa ana nome ta da tarakta, ana fesa mata maganin ciyawa da na ƙwari a daidai lokacin da 'ya'yan kifin suke fitowa. Barin ɗan kwari mara zurfi a gefen madatsa ba tare da an taɓa lakarsa ba abu ne da ba ya cin kuɗi, kuma ya kamata masu tsara irin waɗannan ayyuka su san da shi.

Kududdufi yana da mummunan suna, kuma da dalili. A cikinsa sauro ke haihuwa, a cikinsa ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da kurkunu suke, cutar da Ghana ta ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a 2015. Ƙaramin kifin yana cin tsutsar sauro da waɗannan ƙwari duka, kuma yana cikin ruwan tun ranar da ya cika. Bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, domin sauron zazzaɓi yana haihuwa har a sawun kofato da ba kifin da zai zauna ciki, kuma gidan sauro mai magani, wanda cibiyar binciken lafiya ta Navrongo ta gwada a shekarun 1990, shi ne ya rage mace-macen yara. Amma kududdufi mai kifi da wanda aka kashe kifinsa ba ɗaya ba ne.

Paga tana kan iyaka da Burkina Faso, wajen kilomita 40 daga Bolgatanga, garin Kasena ne. Abin da ke kawo baƙi shi ne tafkunan kada, na sarki da na Zenga. Mutanen garin suna ɗaukar kadojin a matsayin masu alaƙa da kakanninsu, ba a kashe su, ba a cin namansu. Baƙo yakan sayi kaza, mai kula da tafki ya kira kada ya fito tudu, a riƙe wutsiyarsa a ɗauki hoto. Binciken gado da aka buga a 2011 ya tabbatar cewa kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban da na kogin Nilu, kuma an san shi da rashin zafin rai idan aka gwada da wancan. Kusa da garin, a Nania, akwai sansanin bayi na Pikworo, inda ake nuna ramukan da aka fafe a dutse a matsayin akushi, kuma a zamanin cinikin bayi daga nan ake kora mutane zuwa kasuwar Salaga.

Tafkunan kada ba sa ƙafewa gaba ɗaya, don haka kifinsu karfasa ne da tarwaɗa. A ruwa mai zama irin wannan a yankin Volta, tsakanin ciyawar gefe, ana samun wasu ƙananan kilifish da ba na damina ɗaya ba, waɗanda ke manna ƙwansu a jikin ganye ya ƙyanƙyashe cikin mako biyu. Ɗaya daga cikinsu, Poropanchax normani, yana da ɗigon shuɗi mai haske a saman ido, yana yawo garke-garke kusa da saman ruwa. Kifin damina ɗaya kuwa sai an fita bayan gari, zuwa kwaruruwan da ke tsakanin gonakin gero da dawa. Lokacin nemansa daga ƙarshen Yuli ne zuwa Satumba, bayan ya girma, kafin ruwa ya janye. Ana kama shi da ƙaramar koma mai ƙananan idanu, a tura ta cikin ciyawar gefe a ɗaga, a zuba abin da aka samu cikin kwalba mai ruwa mai tsabta, don launinsa ba ya fitowa sai a haske. A ƙasar Kasena tafki da kurmi da yawa suna da masu kula da su na gargajiya, kuma ana neman izinin mai ƙasa kafin a sa koma a kowane ruwa.